Kiwon Murjani: Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

Murjanin da iyayenmu mata suke ratayawa a wuya ƙashi ne na wata dabbar teku, kuma jan nan mai tsada daga Bahar Rum ake ciro shi. Danginsa da ke gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwan Indunusiya da Ostireliya da Bahar Maliya, su ne wasu mutane a Jamus da Amurka da Japan suke kiwo da ransu cikin tankin gilashi a tsakiyar falo. A wurin masu wannan kiwo akwai maganar da ta zauna da gindinta: wai kiwon murjani tsani ne, murjani mai laushi matakin 'yan koyo, Akrofora mai rassa kamar ƙahon barewa ita ce ƙoli, kuma duk mai kuɗin kayan aiki da wayar kallon YouTube zai hau tsanin shi kaɗai. Ina ganin girman masu wannan ra'ayi, amma a wuri biyu na ga sun saki hanya.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Akrofora akwai wuyar sha'ani. Murjani mai ƙashi yana zuƙar kalsiyam da kabonet daga ruwa ya gina jikinsa, a cikin tsokarsa kuma akwai ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, masu sarrafa haske su ciyar da shi. Dole mai kiwon ya riƙe gishiri a kusan giram 35 cikin kowace lita, ɗumin ruwa wajen digiri 25, kalsiyam tsakanin miligiram 400 da 450 a lita, ga fitila mai ƙarfi, ga injin kaɗa ruwa dare da rana. In kabonet ya ɗan yi tsalle, tsokar na iya saɓulewa cikin kwana ɗaya ko biyu, a wayi gari da farin reshe fayau. Wanda ya riƙe Akrofora shekara biyar tana tofo, gwani ne, ba ja.

Inda suka fara kuskure shi ne mayar da wahala abin nema. Kafin a sayi ko reshe ɗaya, tambaya biyu ce: me kake son idonka ya gani idan ka dawo gida a gajiye, kuma awa nawa kake iya bayarwa a mako? Mai son ya ga abu yana rangaji da igiyar ruwa, Akrofora ba za ta biya masa buƙata ba, domin a ƙame take kamar busasshen itace. Murjani mai laushi ko Yufiliya mai dogayen yatsu ne nasa. Matafiyin da ke barin gida kwana goma, ko mazaunin garin da wuta ba ta zama, gara ya riƙe irin mai kama da naman kaza, wanda ke jure ɗan sakaci. Mai son yanka rassa ya yi musaya ko ya sayar, Montifora ta fi saurin girma da haƙuri. Wanda kuma kifayen ado ne suka ja shi, sai ya san wasunsu murjanin suke tsattsaga. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura.

Wanda ake cewa na 'yan koyo ma yana da nasa karatun. Zeniya takan mamaye duwatsun tanki kamar yadda kainuwa ke rufe kududdufi. Murjani mai kama da fata yana sakin sinadaran da ke takura wa mai ƙashi. Yufiliya tana miƙa yatsu masu harbi ta ƙone na kusa da ita. Wasu irin Falitowa suna ɗauke da dafi mai tsanani, har an sha kwantar da mutane a asibiti bayan sun goge ko sun tafasa dutsen da suke kai. Wanda ya iya haɗa waɗannan wuri guda su zauna lafiya, ba a ce masa yaro.

Kuskure na biyu shi ne cewa ba a buƙatar na gaba. Tarihin kiwon kansa bai yarda da haka ba. A 1961 Lee Chin Eng na Jakarta ya bayyana yadda yake raya halittun teku da dutsen da aka ɗebo daga teku da ransa da hasken rana. A shekarun 1970 Bajamushen nan Peter Wilkens ya yaɗa dabarar ƙara wa tanki ruwan kalsiyam. Masu kiwo a Berlin suka ɗora a kai suna koya wa juna, har a shekarun 1980 Akrofora ta tsiro ta bunƙasa a tankin Dietrich Stüber, aka yi ta yankar rassanta ana rabawa, suka ƙetara ƙasashe ɗauke da sunansa. Daga hannu zuwa hannu ilmin ya taso, kuma kowane reshe ya tafi da bayanin wanda ya raine shi.

Bidiyo zai faɗa maka lambobi, amma bai san ruwan famfon unguwarku ba, bai ga kusurwar da ka ajiye tankin ba. Gogaggen da ya leƙa sau ɗaya zai gane ko haske ne ya yi yawa ko tsutsa ce ke cin reshen, abubuwa biyu da sabon shiga yake gani iri ɗaya. Zai hana ka gyara abu uku a rana guda. Zai ce ka bar tankin ya yi watanni ya nuna kafin ka sa masa mai tsada. Sau da yawa ma zai yanko maka reshe daga nasa, wanda ya riga ya saba da zaman gilashi. Sai dai a zaɓe shi da ido: a nemi wanda tankinsa ya daɗe, yake kuma kiwon irin abin da kake so. A riƙe mutum ɗaya ko biyu, domin shawara goma masu karo da juna ruwa suke dagulawa.

A tuna kuma rai ake riƙewa. Duk murjani mai ƙashi irin mai gina tsaunukan teku yana cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe, ba ya ƙetare iyaka sai da takarda, kuma Indunusiya ta dakatar da fitar da shi daga 2018 zuwa farkon 2020. Abin da aka sha wannan ɗawainiya kafin ya iso, bai kamata ya mutu a hannun mai neman a ce masa gwani ba.

Don haka ɗan'uwa mai sha'awa, ka fara sanin abin da kake so da abin da za ka iya, sannan ka je ka zauna gaban tankin wanda ya riga ka, ka yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata.