Mota Ba Ta Ja Idan An Taka Totur? A Auna Wayar At Kafin A Sayi Sabon Kaya

Duk mai bin titin Ali Akilu zuwa Kawo da yamma ya san irin motar nan: cunkoso ya saki, direba ya taka totur, injin ya yi kamar yana tunani kafin ya amsa, na baya suna ta matsa masa ham. Idan aka kai ta gareji, yawanci fulogi ake fara canzawa, sai a wanke nozul, sai a koma kan famfon mai. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuma kuɗi ya tafi, mota tana nan da nauyinta, alhali matsalar tana jikin wata gajeriyar waya da ba wanda ya kalla, wadda masu gyaran waya ke kira wayar at.

Wuta ba ta aiki sai ta fita daga batir ta kewayo ta dawo. A mota, jar waya mai alamar (+) ce ke kai wuta ga kayan aiki, amma ba a ja wa kowane abu wayar dawowa daban ba. Ƙarfen bodi da na injin su ne hanyar dawowa. Shi ya sa ake ɗaure baƙar wayar batir mai alamar (-) a jikin bodi, a kuma haɗa injin da bodi da wata waya mai kauri, sau da yawa saƙaƙƙiya kamar kitso. Dole ne a yi wannan haɗin, domin injin a kan robobi yake zaune, roba kuma ba ta ɗaukar wuta.

Mai wayar hannu ya riga ya san wannan matsala ta wata fuskar. Caja mai kyau, waya mai kyau, amma igiyar caji ta lalace daga ciki: caji zai riƙa shiga, sai dai a hankali, yana yankewa. Haka wayar at take idan ta yi tsatsa ko notinta ya saki. Ba ta yanke gaba ɗaya ba, don haka mota za ta tashi, amma wani ɓangare na ƙarfin wutar yana salwanta a mahaɗar. Lissafin mai sauƙi ne: idan tsatsa ta kawo turjiya ta 0.01 ohm kacal, kik kuma ya ja amfiya 150, an yi asarar volt 1.5 daga batirin da cikarsa 12.6 ne.

To ina ruwan wannan da jan mota? Motar da ke amfani da nozul kwamfuta ce ke ba ta mai, wato abin da makanikai ke kira biren bos. Kwamfutar ba ta ganin iska ko mai, volt kawai take karantawa daga na'urorin da ke jikin injin. Yawancinsu a kan volt 5 suke aiki. Na'urar da ke auna iskar oksijin a salansa, irin ta da, tsakanin 0.1 da 0.9 take kai-komo. Duk wannan awo kuwa daga at ake fara ƙirga shi, shi ne sifili. Idan sifilin ya gusa da 0.3, kamar tiyar da aka lotsa wa gindi ce: ana awo, amma ba daidai ba. Sai kwamfuta ta ba da man da bai dace ba, tartsatsin fulogi ya yi rauni, giya mai canza kanta ta riƙa jinkiri. A motocin da totur ɗinsu na lantarki ne, ba na kebur ba, kwamfutar kan iya rage ƙarfin injin da gangan idan ta ga lambobin ba su yi daidai da juna ba.

Motocinmu sun fi shiga wannan hali saboda tarihinsu. Da yawa 'yan Beljiyam ne ko 'yan Amurka da Kanada, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa yana cin ƙarfe da mahaɗar waya. Sun zo Kaduna sun tarar da ƙurar hunturu, da ruwan damina, da masu wankin mota da ke feshe injin da ruwa mai ƙarfi. Babban abin ma shi ne hannun mutane. An sauke injin an mayar, an manta waya ɗaya tana lilo. An yi fenti bayan haɗari, an ɗaure at a kan fentin. Kan batir ya yi sako-sako, an cusa ƙusa ko guntun gwangwani an buga da sifana. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa.

Akwai alamomin da ke nuna wajen wuta ne. Fitila ta dushe idan an kunna AC, kik ya yi nauyi duk da batir sabo ne, allurar zafi ko ta mai ta riƙa tsalle idan an kunna fitila, rediyo ya riƙa wani kuka da ke ƙaruwa da totur. A tsohuwar mota, idan kebur ɗin totur ko na kuloci ya yi zafi bayan an yi kik, wuta ce ta rasa hanya ta bi ta cikinsa.

Amma alama ba hujja ba ce, awo shi ne hujja, kuma ƙaramar mita irin ta masu gyaran waya ta wadatar. A sa ta a DC volt. A ɗora baki ɗaya a kan dalmar batir mai alamar (-), ita kanta dalmar ba maƙalar da ke kanta ba, ɗayan kuma a wani wuri mai tsabta a ƙarfen injin. Wani ya yi kik. Idan mita ta nuna ƙasa da 0.3, at ɗin injin lafiya yake. Idan ta haura 0.5, an kama ɓarawo. Sai a maimaita tsakanin batir da bodi, injin yana aiki, an kunna fitila da fanka da AC. A nan bai kamata ta wuce 0.2 ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa mita a wurin da take yin ƙara idan waya ta haɗu. Silin waya ɗaya da ya rage zai sa ta yi ƙara, amma ba zai ɗauki wutar kik ba. Dole a auna lokacin da wuta ke gudana.

Wayar hannu ma tana da aiki a nan. Motocin Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket na OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Ana maƙala ƙaramar na'urar ELM327, a haɗa ta Bluetooth da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Lambar P0562 tana nufin wuta ta yi ƙasa. Idan kuma na'urori uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna suka kawo ƙara lokaci guda, da wuya a ce duk sun mutu rana ɗaya. A nemi inda wayoyinsu suka haɗu. Amma P0171 ta fi nuna iska mai shiga ta ɓarauniyar hanya ko ƙarancin mai, P0420 kuma tana nuna indomin salansa. Indomin da ya toshe yana kashe jan mota fiye da kowace waya.

Gyaran kansa ba shi da wuya. A kashe mota, a fara cire kan batir na (-). A kwance kowace mahaɗa, a goge da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam, sannan a shafa giris a sama don hana tsatsa. Wayar da ta yi kore daga ciki a canza ta da mai kauri ɗaya ko fiye. A tsohuwar Panteka da ke Tudun Wada ana samun irinta daga motocin da aka farfasa, sai dai a kankare bakinta a duba: akwai wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, ba ta kai ta jan ƙarfe zalla ɗaukar wuta ba. Wasu sababbin motoci kuma suna da ƙaramar na'urar auna wuta a kan batir na (-). Duk ƙarin waya a bayanta za a ɗaure, a bodi, in ba haka ba kwamfuta za ta rikice wajen caji.

Sai batun tarin wayoyi masu launi da ake tallatawa a TikTok da Facebook, wai suna ƙara wa injin ƙarfi da rage shan mai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, irin wannan talla tana samun kunne. Wayar at tana dawo da ƙarfin da tsatsa ta cinye ne kawai. Motar da mita ta nuna 0.1 a kanta, ko an jera mata waya shida, yadda take ja jiya haka za ta ja gobe, sai a koma duba matatar iska, famfon mai da salansa, ɗaya bayan ɗaya, ana gwada ta a hawan gadar Kawo bayan kowane canji.