Shirun Xfce ba mutuwa ba ne: raddi ga masu auna manhaja da kwanan wata

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu amfani da Linux, tun daga ɗaliban kimiyyar kwamfuta har masu gyara a kasuwa. Da zarar an ambaci Xfce ko MATE, sai ka ji wani ya ce, "Ai wannan ta mutu, rabon da su fitar da sabon abu an fi shekara." Wani ma ba zai duba kwanan wata ba. Hotonta kawai zai kalla, ya ga ta yi kama da kwamfutar zamanin Windows XP, ya yanke mata hukunci. Ina ganin wannan ma'auni bai daidaita ba, kuma zan faɗi dalilina cikin girmamawa, domin masu wannan ra'ayi ba jahilai ba ne, kuma abin da suke gudu abin gudu ne.

Ga wanda bai saba ba, abin da muke magana a kai shi ne farfajiyar kwamfuta, wato duk abin da idonka ke cin karo da shi bayan ka kunna na'ura: sandar da ke sama ko ƙasa, jerin manhajoji, tagogi, wurin duba fayil, wurin saita sauti da haske. A Windows abin da Microsoft ta ba ka shi ke nan. A Linux kuwa kai ke zaɓa, akwai GNOME da KDE Plasma da Xfce da Cinnamon da MATE da LXQt da wasunsu, kuma dukkansu a buɗe suke, kowa na iya karanta lambobin da aka rubuta su da su, ya ga wa ya gyara me, kuma yaushe.

Gaskiyar masu wancan ra'ayi ita ce manhaja tana mutuwa, kuma zama da matacciyar manhaja haɗari ne. Idan aka gano ɓarakar tsaro babu mai toshewa, mai kwamfuta ne zai kwana a ciki. Ban musa wannan ba ko kaɗan. Inda muka rabu shi ne yadda ake gane gawar.

Mu ɗauki Xfce, tunda ita aka fi yi wa wannan jana'iza. Wani Bafaranshe mai suna Olivier Fourdan ne ya fara ta a 1996, shekarar da Matthias Ettrich ya sanar da KDE, kuma kafin GNOME da shekara ɗaya. Siga ta 4.12 ta fito a Fabrairun 2015. Daga nan sai tsit. Aka ga 2016 ta wuce, 2017 ta wuce, 2018 ta wuce, babu 4.14. A daidai wannan lokaci GNOME tana fitar da sabuwar siga duk wata shida, Maris da Satumba, ba fashi. Duk wanda ya jera su biyun a takarda zai rantse cewa ɗaya na raye, ɗaya kuma an rufe ta da ƙasa. Sai a Agustan 2019 siga ta 4.14 ta fito, bayan shekara huɗu da wata biyar.

To me suke yi a waɗannan shekaru? Xfce an gina ta ne da kayan gini da ake kira GTK, kuma a lokacin tana kan GTK 2, alhali GTK 3 ta fito tun 2011. Aikin da 'yan sa-kan Xfce suka sa a gaba shi ne kwashe kowane sashe daga tsohon kayan zuwa sabo, ba tare da sun canza wa mai amfani yadda ya saba aiki ba. Kamar a ce ana sauya wa gida tubali ɗaya bayan ɗaya, masu gidan suna ciki suna kwana suna tashi, kuma sharaɗin aikin shi ne idan an gama kada ƙofar ɗaki ko ɗaya ta bar inda take. Mai wucewa a titi ba zai ga komai ba. Hasali ma, nasarar irin wannan aiki ita ce kada ya ga komai. Da ba su yi shi ba, da yanzu maganar mutuwar ta tabbata, domin a Disamban 2020, lokacin da GTK 4 ta fito, masu GTK suka sanar cewa sun rufe babin GTK 2.

Wani abin da mai duba kwanan wata ba ya lura da shi shi ne, Xfce ba dunƙule guda ba ce. Sassa ne da yawa, kowanne da lambarsa da ranar fitowarsa. Thunar, manhajar duba fayil, ta koma GTK 3 a siga ta 1.8 tun 2018, shekara guda kafin babbar fitowar. Haka kuma suna da al'adar lamba: mara, kamar 4.13 ko 4.15, ta gwaji ce ga masu aiki a kai, cika kuma, kamar 4.14 ko 4.16, ita ce ta jama'a. A cikin shirun nan sassan 4.13 suna ta fitowa. Wanda ya tsaya a shafin farko na gidan Xfce yana jiran babbar sanarwa bai gan su ba, amma suna nan a fili ga duk wanda ya leƙa rumbun lambobin.

Bayan wannan doguwar jinya sai suka daidaita taki: 4.16 a Disamban 2020, 4.18 a Disamban 2022, 4.20 a Disamban 2024. Shekara bibbiyu ke nan. Saboda haka mutumin da ya ce yau "sun shekara ba su fitar da komai ba" gaskiya ya faɗa, sai dai bai faɗi komai game da lafiyarta ba, tafiyarta ce haka.

Yanzu mu juya ma'aunin, mu ga ko yana kama gawa ta gaskiya. A farkon Afrilun 2017, Unity ce farfajiyar Ubuntu, tana da kamfanin Canonical a bayanta, da ma'aikata masu albashi, da fuska ta zamani da ake ta yayatawa. A ranar 5 ga watan Mark Shuttleworth na Canonical ya sanar cewa kamfanin ya janye daga aikin Unity 8, kuma Ubuntu za ta koma GNOME. Bayan kwana takwas Ubuntu 17.04 ta fito, ɗauke da Unity 7 a cikinta. Wanda ya auna da kwanan wata a wannan makon zai ce Unity lafiyarta ƙalau, ga sabuwar fitowa ɗanya shakaf, Xfce kuwa ta shekara biyu shiru. Amma wadda mai ita ya saki hannunta ita ce Unity. Daga baya wasu 'yan sa-kai sun ɗauke ta, har Ubuntu Unity ta zama ɗaya daga sanannun rassan Ubuntu a 2022, amma wannan wani labari ne. Abin lura shi ne ma'aunin ya yi kuskure ta ɓangarorin biyu a lokaci guda: ya binne mai rai, ya kuma ba wa maras lafiya takardar sallama.

Yawan motsi ma ba hujja ba ne. Masu ɗan zurfi a harkar sukan ce, to mu bar kwanan wata, mu ƙirga yawan gyare-gyaren da ake shigarwa a rumbu. Wannan ya fi, amma shi ma da sauransa. Kaso mai yawa na abin da ke shiga rumbun manhaja irin wannan sabunta fassara ne zuwa harsuna daban-daban, wanda sau da yawa na'ura ce ke shigar da shi kai tsaye. Rumbu na iya yin kamar kasuwa na ci, alhali ba wanda ya taɓa ainihin lambobin a wata shida. Kuma wanda ya bi labarin xz a Maris na 2024 ya san cewa ƙwazo kansa na iya zama tarko. xz ba farfajiya ba ce, ƙaramar manhajar matse fayil ce da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Mai kula da ita, Lasse Collin, shi kaɗai ne kuma ya gaji, sai wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shigo yana ta aiki ba ji ba gani har aka ba shi amana, ya dasa ƙofar baya a siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Wani injiniya, Andres Freund, ya gano ta ne saboda ya lura shiga wata na'ura ta SSH yana ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. A takarda, lokacin da xz ta fi "rai" shi ne lokacin da aka fi cutar da ita. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To da me za a auna? A ganina tambaya ɗaya ce ta fi sauran nauyi: idan abu ya lalace, akwai mai amsawa? Wannan ana iya ganinsa da ido. Xfce ta koma GitLab nata na kanta a 2020, kuma duk rahoton matsala yana nan a buɗe. Kada yawan rahotannin da ba a rufe ba ya razana ka, GNOME da KDE suna da dubbai, domin yawan masu amfani shi ke kawo yawan ƙorafi. Buɗe na kwanan nan guda biyar ko shida ka karanta. Shin wani daga masu kula ya tanka, ko da cewa ya yi "ba za mu yi wannan ba"? Shin idan baƙo ya kawo gyara ana duba masa, ko yana nan ajiye shekara biyu ba ko sannu? Sannan ka dubi sunayen masu shigar da gyara na gaske a shekarar da ta wuce. Idan suna ɗaya ne tak daga sama har ƙasa, to aikin yana rataye ne a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya samu sabon aiki ko ya yi rashin lafiya an tsaya. Batun tsaro shi ne zakaran gwajin dafi. A 2021 an gano wata ɓaraka a Thunar da za ta iya sa a buɗe fayil da wata manhaja ba tare da an tambayi mai kwamfuta ba, aka toshe ta a siga ta 4.16.7. Ba wanda ya yi biki, lambar ƙarshe ce kawai ta motsa, amma wannan ƙaramar lamba ta fi sabon launi goma ba da shaida.

Tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya, ita ce ko aikin yana tafiya tare da ƙasar da yake tsaye a kanta. A nan ne nake ba masu suka wani kaso na gaskiya, har a kan Xfce ɗin. Duniyar Linux tana barin X11, tsarin nuna hoto da ya samo asali tun 1987, tana komawa Wayland. Fedora ta mai da shi na farko ga GNOME tun 2016, KDE ta yi haka a Plasma 6 a Fabrairun 2024. Xfce kuwa sai a 4.20 ta kawo tallafin Wayland, shi ma na gwaji, kuma a wannan siga mai kula da tagoginta, xfwm4, bai iya aiki a kansa ba, sai an aro wani kamar labwc. Wannan jinkiri ne na gaske, kuma wanda ya ce yana damunsa bai yi laifi ba. Amma ka lura da bambancin: "sun makara a kan Wayland" magana ce da ake iya tabbatarwa a kuma yi muhawara a kanta. "Ta mutu" kuwa magana ce da siga ta 4.20 ɗin kanta ta ƙaryata.

LXDE ce misalin da ya fi koyar da yadda alamun ja da baya suke. Hong Jen Yee, ɗan Taiwan, ya fara ta a 2006, ta yi suna wajen sauƙi a kan raunanan na'urori. A 2013 shi da kansa ya karkata zuwa kayan gini na Qt, aka haɗe da aikin Razor-qt, aka haifi LXQt. Lubuntu, wadda ita ce babbar mai ɗauke da LXDE, ta koma LXQt a siga ta 18.10. Har yanzu za ka samu LXDE a rumbun Debian, tana aiki, kuma akwai masu taɓa ta jefi-jefi. Sai dai wanda ya assasa ta ya tafi, babban gidan da ke raba ta ya sauya, kuma asalin gininta a kan GTK 2 yake. Waɗannan su ne abubuwan dubawa, kuma babu ɗayansu da ake gani a hoton fuska. Xfce ta wannan fuska akasin haka take: Xubuntu da MX Linux a kanta suke, Linux Mint na da reshenta, Kali Linux ma ta bar GNOME ta koma gare ta a ƙarshen 2019. Masu haɗa waɗannan nau'o'in Linux su ne ke shan wahala idan farfajiya ta lalace ba mai gyara, don haka zamansu shaida ce mai nauyi.

Akwai kuma kuskuren da ke fitowa daga kwamfutar mutum kansa. Debian 12 ta fito a Yunin 2023 da Xfce 4.18, kuma al'adar Debian ce ta riƙe siga ɗaya har ƙarshen zangonta, tana shigar da gyaran tsaro da na manyan kurakurai kawai. Wanda ke kanta zai yi shekaru yana ganin lamba ɗaya, ya ɗauka can sama ma an tsaya. Ba a tsaya ba, shi ne ya zaɓi nau'in da ba ya gaggawa.

Wannan muhawara ba ta 'yan ƙwalisa ba ce a wurinmu. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum, Windows 11 kuma tana neman kayan da yawancin kwamfutocin gwanjo da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu ba su da su. Irin waɗannan na'urori su ne farfajiya maras nauyi kamar Xfce ko LXQt ke yi wa rana. Idan mai gyara ya ce wa ɗalibi "wannan ta mutu" ya ɗora masa mai nauyi, na'urar ta riƙa jan ƙafa, ɗalibin zai ce Linux ɗin ne ba shi da kyau, ya koma tsohuwar Windows da ba ta samun gyaran tsaro. A nan ne ya faɗa ainihin haɗarin da ake cewa ana guje masa.

Don haka, malamai masu gyara da masu koyarwa, kafin ku ce wata farfajiya ta mutu, ku buɗe rumbunta ku karanta rahotannin watan da ya wuce, ku ga ko ana amsawa, mutum nawa ke amsawa, kuma me suka ce game da Wayland. Aikin minti goma ne. Idan kun yi wa Xfce haka, za ku same ta da rai, tana tafiya a hankali, da 'yan ma'aikata kaɗan da ba a biyan su, kuma da bashin Wayland a wuyanta da ba ta gama biya ba.