Yadda ake auna gudun jirgin da ba shi da inji

Duk wanda ya taɓa ganin shirwa tana shawagi a gefen dutse ba tare da ta kaɗa fiffike ba, to ya ga tushen wani wasa da ake yi a Turai da Amurka da wasu ƙasashen Asiya, wato tseren ƙananan jiragen sama marasa inji, waɗanda ake sarrafa su daga ƙasa da na'urar rediyo.

Idan iska ta daki gangaren tudu, ba ta da wata hanya sai ta yi sama. Wannan iska mai hawa ce take ɗauke da jirgin, wanda nauyinsa ba ya wuce kilo 5.

Hukumar wasannin sararin sama ta duniya, FAI, mai hedkwata a birnin Lausanne na Suwizalan, tana kiran wannan rukuni F3F. An yi gasarsa ta duniya ta farko a shekarar 2012 a tsibirin Rügen na ƙasar Jamus.

Ƙa'idar tseren

Ana kafa alamomi biyu a bakin tudu, tsakaninsu mita 100. Jirgin zai ratsa wannan tazara sau 10, kai da komo, wato mita 1,000 ke nan. A kowace alama akwai alƙali da ke danna maɓalli da zarar jirgin ya gifta, sai ƙararrawa ta yi ƙara, matuƙi ya san ya cika tazarar. Wanda ya juya kafin ya kai alama, dole ya koma ya gifta ta.

Wanda ya kammala cikin daƙiƙa 40, alal misali, ya yi gudun mita 25 a daƙiƙa, ko kilomita 90 a sa'a. Haƙiƙanin gudun ma ya ɗara haka, domin lissafin bai haɗa da kwanar da jirgin ke sha a bayan kowace alama ba.

A ranar gasa dai akwai alƙalai da agogo. Matsalar tana tasowa ne a ranar atisaye, inda matuƙi ke tsaye shi kaɗai a kan tudu. Ya ƙara wa jirgin nauyi, ko ya sauya yadda yake shan kwana, to yaya zai san ko ya ƙaru ko ya ragu? Ido yana ruɗi, haka ma fiton da fiffike ke yi a cikin iska. Mutum na iya shafe watanni yana maimaita kuskure guda, yana zaton ƙwarewa yake yi.

Na'urorin aunawa

Abin da aka fi saurin tunawa shi ne GPS, wadda ake sakawa a cikin jirgin, ta riƙa aiko da bayani zuwa na'urar da ke hannun matuƙi, wani lokaci har da murya. Amma irin wadda ke ba da bayani sau ɗaya a daƙiƙa, sau huɗu kacal za ta yi magana a tsawon mita 100, kuma kafin ta faɗi adadi jirgin ya riga ya juya. Masu ba da bayani sau 10 a daƙiƙa sun fi dama-dama.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a lura da shi. GPS tana auna gudun jirgi ne a kan ƙasa, alhali fiffike da gudun iskar da ke ratsa shi yake aiki. Don auna wannan ana amfani da siririn bututun nan na Pitot, irin wanda ke jikin manyan jiragen fasinja, wanda ke auna ƙarfin iskar da ke dukansa.

Bindigar rada, irin wadda jami'an kiyaye haɗurra ke kama masu gudun wuce sa'a da ita, tana bukatar mutum na biyu. Kuma idan jirgin bai fuskance ta kai tsaye ba, sai ta nuna adadin da bai kai na gaskiya ba.

Dabarar da ta fi kusa da yanayin gasa ita ce kafa kyamara a kowace alama, a haɗa da 'yar ƙaramar kwamfuta da ke gane giftawar jirgin, ta buga ƙararrawa, ta kuma ajiye lokacin kowane zango. Wannan ya fi amfani, domin ba a cin tseren da ƙololuwar gudu, da jimillar daƙiƙu ake ci, kuma yawancinsu a kwana suke zubewa. Ko da hakan ma, lokacin jiya ba ya zama ma'aunin na yau idan iska ta sauya.

Dokokin FAI sun hana aiko wa matuƙi bayanin gudu ko nisan jirgi daga ƙasa a lokacin gasa. Abin da aka yarda ya sani shi ne ƙarfin siginar rediyo da na batir.

Rada ta fi tasiri a wani salo na daban, inda ake kewaya jirgi a bayan tudu, tsakanin iska mai ƙarfi da mai rauni. Da wannan salo ne Spencer Lisenby ya kai kimanin kilomita 882 a sa'a a watan Janairun 2021, a tsaunin Parker da ke jihar Kalifoniya.

A gida fa?

A yankin Kademi da ke ƙaramar hukumar Gaya, da maƙwabciyarta Ajingi, iskar hunturu ba ta yi ƙaranci ba, amma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki ne ido-na-ganin-ido. Mai sha'awa sai ya nufi duwatsun garin Dutse a jihar Jigawa. Dala da Goron Dutse kuwa gidajen jama'a sun kewaye su, ga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba nisa, kuma jirgi mai kilo 5 a irin wannan gudu ba abin wasa ba ne idan ya kuɓuce.

Sannan a shekarar 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar da haramta tashin jirage marasa matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro ba.