Karatu a Ƙasar Waje: Neman Aiki Tun Kafin a Ɗauro Kaya Ake Fara Shi

A fitowar wannan mako mun ɗauko batun da ya shafi yayyenmu da ke karatu a ƙasashen waje, kuma ya shafi duk wanda ke zaune a aji yau yana burin bin sahunsu gobe.

Jihar Kano ta daɗe tana tura 'ya'yanta karatu waje. A shekarar 2012 gwamnatin jiha ta tura ɗalibai 501 karo ilimi a ƙasashe daban-daban, a 2023 kuma aka sake ɗaukar nauyin wasu 1,001 domin digiri na biyu a Indiya da Uganda. Ban da waɗannan, akwai waɗanda iyayensu ke biya musu a Masar da Sudan da Malesiya da Turkiyya da Ingila, wani lokaci da kuɗin shinkafa da tumatirin da aka noma a gonakin Kura da Bunkure. Ranar tafiya kowa na murna. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne ranar dawowa: mutum ya sauka da digiri a jaka, wata shida ta wuce, shekara ta wuce, yana zaune a gida. Sau da yawa ba rashin ilimi ne ya jawo ba. Shirin da ya kamata a yi tun ana can ne ba a yi ba.

Takardu kafin komai

Digirin waje ba ya fara aiki a Najeriya da kansa. Sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ke Abuja ta tantance shi, ta tabbatar makarantar da ta bayar da shi sananniya ce. Wanda ya yi digirinsa na farko a waje kuma bai haura shekara 30 ba a lokacin da ya kammala, sai ya yi hidimar ƙasa ta shekara ɗaya a ƙarƙashin hukumar NYSC, wadda aka kafa a 1973. Wanda ya haura 30 takardar ɗauke masa hidimar ake ba shi. Aikin gwamnati ba ya samuwa sai da ɗaya daga cikin takardun nan biyu, kamfanoni da yawa ma suna tambaya.

Wasu fannonin suna da ƙarin mataki. Wanda ya karanta likitanci a waje ba zai taɓa marar lafiya a nan ba sai ya ci jarrabawar hukumar kula da aikin likitoci, wato MDCN. Injiniyoyi suna rajista da COREN, masu aikin jinya da ungozoma su ma suna da tasu majalisar. Duk wannan yana cin lokaci da kuɗi, don haka gara a san shi tun ana shekarar ƙarshe, a yi masa tanadi.

Kafin a bar makaranta, a karɓi satifiket na asali da cikakkiyar takardar sakamakon dukkan zangunan karatu. Idan da Larabci ko Faransanci ko Turkanci aka rubuta su, a sa mai fassara da hukuma ta amince da shi ya mayar da su Turanci. A tambayi ofishin jakadancin Najeriya da ke ƙasar irin hatimin da ake buƙata. Kada a jefar da tsohon fasfo, domin tambarin shiga da fita da bizar karatu da ke cikinsa su ne shaidar cewa mutum ya zauna a ƙasar. Sannan a ɗauki hoton kowace takarda a adana a imel. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya sa aka kwaso ɗalibanmu cikin gaggawa, kuma ya nuna cewa makaranta na iya rufewa dare ɗaya da takardun mutum a ciki.

Wani darasin ya zo a watan Janairun 2024, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ya sami digiri a Kwatano cikin makonni shida. Matakin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Saboda haka binciken matsayin makaranta kafin a biya kuɗi shi ne matakin farko na neman aiki, ko da yake ba a ganinsa haka.

Gogewa ba ta jiran satifiket

Kusan kowace sanarwar ɗaukar ma'aikata tana tambayar gogewa. Ɗalibi zai ce, a ina zan samo ta alhali ban gama ba? Amsar tana cikin makarantar. Taya malami aikin bincike, aikin ɗakin gwaje-gwaje, horon sanin makamar aiki a lokacin hutu, riƙe muƙami a ƙungiyar ɗalibai, koyar da ƙananan aji: duk gogewa ce in an rubuta ta da kyau.

Sai dai a kula da dokar ƙasar da ake ciki. A Ingila, bizar ɗalibin digiri ta yarda ya yi aikin da bai wuce awa 20 a mako ba a lokacin zangon karatu. A Jamus ana lissafi da kwanaki ne a shekara. A wasu ƙasashen kuwa bizar karatu ba ta ba da damar aikin albashi sam. Wanda ya karya wannan doka zai iya rasa bizar da karatun baki ɗaya. Ofishin kula da ɗalibai baƙi na jami'a shi ne wurin tambaya, ba hirar ɗakin kwana ba.

Akwai kuma dabarar da ta fi dacewa da ɗan yankinmu: zaɓar maudu'in binciken kammala karatu daga matsalar gida. Ruwan da muke noman rani da shi daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka kammala a 1974 bisa aikin da aka fara zamanin Gwamna Audu Bako, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Matsalolin wannan aiki a fili suke: kachala da ke toshe magudanan ruwa, gonakin ƙarshen kanal da ruwa ba ya isa, tumatirin da ke ruɓewa a Kwanar Gafan idan kasuwa ta cika, da tsutsar sharon da ta cinye gonaki a 2016. Wanda ya yi bincikensa a kan ɗaya daga cikin waɗannan, ya dawo da abin da zai ajiye a gaban mai ɗaukar aiki, ba takarda kawai ba.

Takardar tarihin aiki da wasiƙar nema

Takardar da aka fi sani da CV taƙaitaccen tarihin karatu da aikin mutum ne. Ga sabon mai digiri, shafi ɗaya ko biyu sun isa. A fara da suna da lambar waya da imel, sai karatu daga na ƙarshe zuwa na farko, sai gogewa, sai harsuna da sauran ƙwarewa. Imel ɗin ya zama da sunan mutum na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiransa da shi ba. A sa lambar Najeriya da ke aiki tare da ta waje.

Babban kuskure shi ne cika takarda da yabon kai: mai ƙwazo, mai gaskiya, mai haƙuri. Kowa haka yake rubutawa. Abin da aka aikata ake faɗa. Misali, maimakon "na san harkar noma," sai a ce "na kula da ban ruwa da lissafin taki a gonar shinkafa ta gidanmu tsawon rani uku." Kada wani ya ji kunyar rubuta aikin gona ko aikin injin casa. Ga wanda ke neman ma'aikacin da zai shiga karkara ya yi magana da manoma, wannan layin ya fi dogon Turanci daraja. Hausa ma a rubuta ta cikin harsuna, tare da Larabci ko duk harshen da aka koyo a can.

Wasiƙar neman aiki kuwa ba a rubuta guda ɗaya a riƙa aika wa kowa. A karanta sanarwar sosai, a ja layi a ƙarƙashin abubuwan da suke nema, sannan a nuna a sakin layi uku yadda aka cika su. A faɗi ranar da za a kammala da ranar da za a iya fara aiki. Kuma tun ana ganin malamai ido da ido ake roƙon biyu daga cikinsu su yarda su zama masu ba da shaida. Malamin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai ba lalle ne ya tuna mutum bayan shekara biyu ba.

Ina ake kai takardun? Ga mai fannin noma da ruwa, akwai hukumar kogunan da muka ambata, da KNARDA, da tashar bincike ta Kadawa ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da ofishin IITA na Kano, da kamfanonin sarrafa shinkafa da na iri da taki. A riƙa leƙa shafukansu, a buɗe shafi a LinkedIn, kuma a ci gaba da gaisawa da tsofaffin malamai na gida, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ranar intabiyu

Yanzu ana yawan yin intabiyu ta Zoom ko makamancinsa, don haka nisa ba uzuri ba ne. Abu na farko shi ne agogo. Uganda ta riga Najeriya da awa 2, Indiya da awa 4 da rabi, Malesiya da awa 7. Idan an ce ƙarfe 10:00 na safe a Kano, a Indiya 2:30 na rana ne. A tambaya a fili: agogon wace ƙasa ake nufi? A gwada intanet da kyamara da sauti tun ana gobe, a cika caji, a sami ɗaki marar hayaniya inda haske ke fuskantar mutum. A sa tufafi masu tsabta kamar ofis za a shiga, a shiga minti goma kafin lokaci. Idan layi ya yanke, a koma nan take, a ba da haƙuri a taƙaice, a ci gaba.

Tambayoyin da suka fi maimaituwa sanannu ne, ana iya shirya musu. "Faɗa mana ko kai wane ne" ba gayyatar ba da tarihin zuri'a ba ce: minti biyu ne a kan karatu, gogewa, da dalilin neman wannan aiki. Idan aka ce a faɗi wata matsala da aka taɓa warwarewa, a bi mataki huɗu: yadda al'amarin yake, abin da ya hau kan mutum, abin da ya yi, da abin da ya biyo baya. Wanda ya yi karatu a waje kuma ya shirya wa tambayoyi biyu na musamman: me ya sa kake son dawowa, kuma ta yaya abin da ka koyo zai yi aiki a nan? Kushe gida ba amsa ba ce. Wanda ya ga ban ruwa na ɗigo-ɗigo a Indiya ya iya bayyana inda zai dace a gonar albasa ko tumatir a nan, da inda tsadarsa za ta hana ƙaramin manomi.

A nan akwai abin da tarbiyyarmu ke buƙatar gyara kaɗan. An koya mana sunkuyar da kai a gaban manya da ƙin yabon kai, kuma ladabi ne mai kyau. Amma a intabiyu, wanda ya sunkuyar da kai yana magana ƙasa-ƙasa ana ɗaukarsa marar tabbas. A gaisa cikin girmamawa, a ɗaga kai, a dubi kyamara, a faɗi abin da aka yi ba ƙari ba ragi. Abin da ba a sani ba a ce ba a sani ba, amma za a koya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma masu tambayar sun fi mu sanin fannin. A ƙarshe a tanadi tambaya ɗaya ko biyu game da aikin kansa, washegari kuma a aika gajeren saƙon godiya.

Gargaɗi guda: duk wanda ya ce a turo kuɗi kafin a ba da gurbin aiki ko a kira intabiyu, a guje shi. Ɗaliban da ke nesa da gida suna cikin waɗanda 'yan damfara ke hari, domin ba za su iya zuwa ofis su gani da ido ba. A tura wani ɗan'uwa ya bincika.

Namu rabon, mu da ke aji

Wani zai ce wannan duk maganar manya ce. A'a, ranar gini ranar zane. Sunan da za mu rubuta a rajistar WAEC da NECO shi ne zai bi mu har fasfo da digiri. Idan a wata takarda Muhammad ne, a wata Mohammed, ko ranar haihuwa ta bambanta da wadda ke kan lambar NIN, to ranar tantancewa za a sha wahalar kotu da rantsuwa, wani lokaci dama ta wuce. Kowa ya duba takardunsa wannan zangon, in da saɓani ya sanar da malamin ajinsa kafin rajista.

Mu kuma saba da magana a gaban jama'a ta hanyar muhawara da karanta labarai a taron safe, mu koyi buga rubutu a kwamfuta da aika imel, mu riƙa rubuta ayyukan da muke yi a gida da makaranta a littafi guda. Muna roƙon malamanmu su riƙa shirya mana gwajin intabiyu ko da sau ɗaya ne a zango, musamman 'yan aji shida. Wanda kuma ke da yaya ko ya a ƙasar waje, ya kwafi waɗannan bayanai ya tura masa tun yana da sauran lokaci. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya dawo da matafiyanmu lafiya, amin.