Su Wa Ke Hawan Jif a Ƙasar Wonaka?

Idan Hilux ta tayar da ƙura a hanyar Wonaka, kafin ta iso mazauna gindin bishiya sun riga sun yanke mata hukunci: ko jami'an tsaro ne, ko ɗan siyasa ne ya zo gaisuwar mutuwa. Sau da yawa kuwa sukan canka daidai. Amma wanda ya zauna ya ƙirga masu hawan motoci masu jan ƙafa huɗu tsakanin Gusau, Tsafe da Bunguɗu zai tarar da taron mutanen da babu abin da ya haɗa su sai mugunyar hanya. Akwai ma'aikacin lafiya, akwai ɗan kwangila, da dillalin hatsi, da mai gyaran turakun sadarwa, da basarake, da kuma direban da motar ba tasa ba ce amma ya fi mai ita sanin halinta. Wanda ba za ka gani a cikinsu ba shi ne manomi, alhali kuwa duk ya fi su buƙatarta.

Wonaka ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gusau, tare da irin su Mada, Magami, Wanke da Ruwan Ɓore. Ƙasar noma ce ta dawa, gero, masara, waken suya da auduga. Ba a banza ba magabata suka kira wannan ɓangare, har zuwa 'Yandoto da Kwatarkwashi, da sunan Katsinar Laka. Lakar da ke riƙe ruwa ta ciyar da shuka ita ce kuma ke riƙe taya. Manyan titunan kwalta sanannu ne: wanda ya fito daga Funtuwa ya ratsa Tsafe zuwa Gusau, da wanda ya wuce ta Bunguɗu ya nufi Sakkwato. Da zarar ka sauka daga kansu ka nufi ƙauyuka, daga watan Yuni zuwa Satumba, musamman tsakiyar Agusta, sai abin da hali ya yi.

Me ya sa ƙaramar mota ke kafewa a inda jif ke wucewa? Ba ƙarfin inji ba ne kawai, kamar yadda ake zato. Kowace mota tana da wani tarin haƙoran ƙarfe a tsakanin tayoyi biyun da ke janta, aikinsa ya bar tayar waje ta fi ta ciki gudu idan an zo kwana. Ba don shi ba da mota ba ta juyuwa sai da jan taya a ƙasa. Sai dai yana da aibi guda: ƙarfin inji kamar ruwa yake, inda ya ga gangare nan yake bi. Taya ɗaya ta faɗa cikin taɓo ta rasa abin kamawa, sai juyin duka ya koma kanta, ta yi ta wulwulawa tana watsa wa masu turi caɓi a riga, ɗayar kuwa da ke kan busasshiyar ƙasa tana tsaye cik. Duk wanda ya taɓa tura Golf a fadama ya ga wannan da idonsa. Direba na leƙowa ta taga yana cewa, "Ku ɗan ƙara, bayin Allah, saura kaɗan," yana ƙara taka totur, motar kuwa tana ƙara haƙa wa kanta rami.

Mota mai jan ƙafa huɗu tana da ƙaramin giyabos na biyu a bayan babban, wanda ke raba ƙarfi gida biyu, farfela ɗaya ta kai shi gaba, ɗaya ta kai baya. Idan direba ya sa wannan giya, sai gaba da baya su ɗaure su juya tare, ko da na baya sun rasa madafa na gaba su ja. A ciki kuma akwai giyar ƙarfi, wadda ke rage gudu ta ninka ƙarfin juyin taya sau biyu ko fiye, ita ce ake hawa gangaren rafi da ita a hankali ba tare da an ƙona kuloci ba. Ga kuma tsayin ciki daga ƙasa, wanda a hanyar da manyan motoci suka riga suka yi wa kwari biyu ya fi komai amfani. Sai dai tana da sharaɗinta. Wanda ya manta ya bar ta a ɗaure ya hau kwalta, tayoyin ba su da inda za su zame su huce, sai ƙarafunan ciki su riƙa murɗe juna har wani abu ya karye. Makanikan Gusau sun ci kuɗin masu sabuwar mota da dama a kan wannan mantuwa.

Tun farkon zuwanta, irin wannan mota ta ma'aikata ce. An fara nuna Land Rover a 1948, kuma wanda ya ƙirƙiro ta a Ingila, Maurice Wilks, gona ya yi wa ita. Da ta iso Arewa kuwa sai ta zama ta Joji da likitan dabbobi da malamin gona. Jirgin ƙasa ya riga ta isowa Gusau tun ƙarshen shekarun 1920, yana kwasar auduga da gyaɗa, amma jakuna da raƙuma ke kawo masa kayan daga ƙauye. Landiroba ta masu duba aiki ce, ba ta masu kaya ba. Ita ce ta yi ta yawo da masu allurar shanu a gangamin yaƙi da ciwon bushiya da aka fara a 1962. Daga baya Toyota ta karɓe fagen. Land Cruiser ta samo asali a 1951, Hilux ta fito a 1968, sai a 1979 aka yi mata samfurin jan ƙafa huɗu, kuma yau ko wace irin a-kori-kura ce ta gwamnati, Hilux yara ke ce mata.

Har yanzu masu aikin lafiya suna sahun gaba. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sakamakon niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, fararen Land Cruiser na ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka riƙa shiga Dareta da 'Yargalma, suna fito da yara zuwa asibiti, suna shigar da magani. Haka aikin rigakafin shan-inna, wanda ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Maganin rigakafi ba ya jure zafi, dole ya isa ƙauye cikin akwatin sanyi kafin ƙanƙara ta narke, don haka awa biyun da mota ta ɓata a cikin taɓo na iya lalata aikin yini guda. A cikin mota ɗaya za ka ga malamar asibiti, da mai kula da akwatunan sanyi, da mai rubuta alƙaluma, babu ko ɗayansu da albashinsa na shekara goma zai sayi motar da yake ciki.

Kusan haka abin yake ga sauran ma'aikata. Injiniyan kamfanin waya da ke kai man dizil ga janareton turken sadarwa, mai haƙa rijiyar burtsatse da ke bin babbar motarsa a baya, safiyo mai awon hanya, malamin zaɓe da akwatunansa: duk haya ce ko ta ofis. Ranar da aiki ya ƙare, ranar za su koma kan babur.

Sai jami'an tsaro, waɗanda a shekarun nan suka fi kowa yawa a kan waɗannan hanyoyi: sojoji, 'yan sanda, da Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a watan Janairun 2024. Amfanin a-kori-kura a fagen daga tsohon labari ne a wannan yanki na Afirka. A 1987 sojojin Cadi sun kori tankokin Libiya da irin waɗannan motoci, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Amma can sahara ce, fili fetal. A dajin Zamfara ɓarayin daji babur suke hawa, su uku a kan ɗaya, su bi ta burtali da tsakanin kunyoyi inda ko Hilux ba ta isa ta sa kai ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa sayen motoci kaɗai bai kawo ƙarshen matsalar ba, ko da yake kowace gwamnati ta zo sai ta jera sababbi a fili an ɗauki hoto.

Rashin tsaron ya kuma juya lissafin masu hali. A da, wanda Allah ya buɗa wa, da jif yake zuwa ƙauyensu ranar Sallah don a san ya iso. Yau jif a hanyar ƙauye talla ce ga masu garkuwa da mutane. Alhazai da dama sun gwammace su bar ta a gareji a Gusau, su sa tsohuwar riga su shiga motar haya, ko ma su aika da saƙo su zauna. Motar da aka ƙera don daji ta koma zirga-zirga tsakanin ofis da gidan biki a kan kwalta, ta shekara ba a taɓa giyar ƙarfinta ba.

Dillalin hatsi fa, wanda kullum yana hanyar kasuwannin ƙauye? Shi da alƙalami yake aiki. Hilux tan ɗaya take ɗauka, wato buhu goma na masara, alhali motar Kanta tana ɗaukar ninkin haka sau uku ko fiye, kuma kuɗin sayenta bai kai na Hilux ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000, kowace tafiya sai an auna ta. Saboda haka dillali yakan jira kaka, hanya ta bushe, ya shiga da Kanta. Wanda ya mallaki tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu kuwa, damina ce kasuwarsa: shi ke kai taki lokacin da babu mai iya shiga, shi ke fito da buhunan da manomi ya ɓoye don tsada, kuma shi ke yanka farashi. Kuɗin taɓon nan a ƙarshe daga aljihun manomi yake fita, sau biyu ma: ya sayi taki da tsada, ya sayar da hatsi da araha.

A Agadas ta Jamhuriyar Nijar an ga yadda mota ɗaya ke sauya sana'a ba tare da ta sauya direba ba. Waɗanda suka riƙa kai Turawa 'yan yawon buɗe ido cikin hamadar Tenere, da tawaye da rashin tsaro suka kori baƙin, sai suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya. Wata doka ta 2015 ta haramta wannan, aka kama motoci aka ɗaure direbobi, wasu suka karkata zuwa wuraren haƙar zinariya irin su Jado. A watan Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar, suka dawo tasha. A Zamfara ma an ga makamancin haka a ƙaramin sikeli: an hana haƙar ma'adinai a Afrilun 2019, ba a ɗage ba sai Disamban 2024, a watan Satumban 2021 kuma aka rufe layukan waya da kasuwannin mako. Kowane mataki ya tsayar da wasu motoci, ya tura masu su neman wata hanyar abinci.

Akwai kuma sana'o'in da ke rayuwa a ƙarƙashin motar. Direban jeji daban yake da direban gari. Shi ne zai tsaya a bakin rafi ya naɗe wando, ya shiga da sanda ya auna zurfi da taurin ƙasa kafin ya sa mota. Ya san ya rage iskar taya a cikin rairayi, ya san shebur da igiya da katako ba sa barin bayan mota, ya san kuma wane gari ne ba a wucewa bayan La'asar. Idan maigida ya matsa, amsarsa ba ta wuce, "Ranka ya daɗe, mu kwana nan, gobe ma rana ce." Bayansa ga bakanike, ga mai faci, ga mai walda da ke ƙara wa sifirin ganye don ya ɗauki lodi, ga mai sayar da kayan gyara na Belgium da yake saro su daga Kano ko Legas. Mota guda tana ciyar da gidaje da yawa waɗanda ba su taɓa zama a kujerarta ta gaba ba.

A ƙauyukan Wonaka dai, aikin da ya kamata jif ta yi babur ke yin sa. Shi ke ɗaukar buhu biyu, shi ke ɗaukar malamin makaranta, shi ke ɗaukar mai naƙuda a tsakiya, mijinta na riƙe da ita ta baya, a yi ta addu'a har a kai kwalta. Idan rafi ya kawo, sai amalanken shanu ko a jira ruwa ya janye.

Ga masu rabon motocin gwamnati a Gusau, da 'yan majalisar da ke wakiltar Gusau da Tsafe da Bunguɗu: duk lokacin da za a sayo sababbin motoci masu jan ƙafa huɗu, a fara da asibitocin karkara, a ba kowace direba da kuɗin mai da na gyara a rubuce cikin kasafi, don kada ta ƙare a kan duwatsu a bayan sakatariya. Sannan a zuba tsakuwa a gina kwalbatoci a hanyoyin da suka haɗa Wonaka da Mada da ƙauyukansu da babban titi, yadda Kanta da Golf za su iya shiga a watan Agusta.