Ƙurar da ke biyo maigida daga wurin inji

Uwargida, idan maigida ko babban ɗanki yana aiki a injin casar shinkafa ko wurin niƙa dutsen zinariya, ki dubi rigarsa da yamma kafin auta ya ruga ya rungume shi. Farin garin da ke gashin girarsa da wuyan rigarsa shaida ce kan yadda ake kula da injin.

Mu a Zamfara mun san ƙura ba abin rainawa ba ce. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Dutsen zinariya ake niƙawa a busasshe, wani lokaci a tsakar gida, ƙurar ta zauna a ƙasa, yaro ya yi rarrafe ya kai hannu baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa ba a kai gare ta ba sai 2013.

A nan yankinmu, daga Garbadu zuwa Talata Mafara da Bakura, shinkafar da ruwan Bakolori ke shayarwa ta sa injinan casa sun yawaita, ga kuma masu haƙar zinariya ta ɓangaren Maradun. Ƙurar shinkafa ba ta kai ta dutse haɗari ba, amma tana tayar da asma da tarin da ba ya jin magani.

Injin da aka kafa da kyau yana da na'urar zuƙe ƙura. Fanka ce ke jan iska ta bututu zuwa wani ƙarfe mai siffar mazurari, inda mai nauyin ke faɗawa ƙasa, sannan jakunkunan yadi su tace mai laushin. Matsalar ita ce ana kafa ta a manta da ita. Kamar rariyarki ce: idan idanunta suka toshe, gari ba ya wucewa. Jaka ta cushe, ƙarfin zuƙa ya ragu, ƙura ta dawo fuskar mai aiki. Idan kuma ta yage, ko ramin bai fi kan yatsa ba, fankar da kanta ke feso ƙurar waje, ga ƙara tana yi kowa na zaton lafiya lau.

Don haka ki tambaye shi, cikin hira ba da faɗa ba: ana kwashe tarin ƙurar kullum kafin a tashi? Yaushe rabon da a duba jakunkunan, ko a ɗaure bel ɗin fanka? Jakar da ta yage sauyawa ake yi, ɗinkin zare ba ya riƙe ƙura mai laushi. A kashe inji kafin a buɗe, mai buɗewa ya sa takunkumi mai kama fuska sosai, ba ƙyalle ba. Wasu kan fito da jakar su kakkaɓe ta da sanda a bakin hanya, inda yara ke jiran niƙa. Wannan maida ƙurar iska ne kawai.

Dutse kuwa da ruwa ya kamata a niƙa shi, nesa da gari, kuma injin da ya taɓa niƙa shi kada ki kai masa hatsinki ko sau ɗaya.

Naki aikin a ƙofar gida yake. Kayan aiki da takalmi su tsaya can, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, ki wanke kayan daban da na yara. Ki yayyafa ruwa kafin shara. Idan yaron mai aikin dutse ya fara amai, kasala ko jijjiga, ki kai shi asibiti ranar, ki faɗa wa likita irin aikin da babansa ke yi.