Wane Suna Za Mu Sa wa Karenmu?

Kila waɗansu masu karatu za su yi dariya su ce, "Har sunan kare ma sai an yi shawara?" I, sai an yi. Gama sunan da muka sa wa kare, shi ne za mu riƙa kira da ƙarfi a ƙofar gida safe da yamma, maƙwabta kuwa suna ji.

A ƙauyukanmu irin su Kademi ta ƙasar Gaya, da kewayen Ajingi, aikin kare biyu ne: gadin gida da farauta in kaka ta wuce. Mafarauci yakan dubi launi ko hali ya sa suna. Baƙin kare ya zama Duna, mai gudu Guguwa, mai zuciya Zaki. Ba takarda, ba biyan kuɗi.

A Turai kuwa akwai masu kiwon karnuka na asali, waɗanda jininsu bai gauraya ba, suna kai su gasar nuni. A Ingila an kafa ƙungiyar da ke rubuta asalin karnuka a 1873, babbar gasar Crufts kuma ta soma a 1891. Karen gasa sunansa biyu. Na takarda dogo ne, ya haɗa da sunan gidan da aka kiwata shi, domin alƙali da mai saye su san zuriyarsa. Na gida gajere ne, shi ne wanda kare yake amsawa. A Faransa ma, tun 1926 kowace shekara tana da harafinta. Karen asali da aka haifa a 2024 sunansa yana farawa da V, na 2025 kuwa da A. Da jin suna an san shekarunsa.

Kada mu zaci abin na Turawa ne kaɗai. Dogon siririn karen nan na Buzaye, wanda ake kira Azawakh da sunan kwarin Azawak na Nijar da Mali, an kai shi Turai a shekarun 1970. A 2019 babbar ƙungiyar karnuka ta Amurka ta karɓe shi cikin gasarta. Ashe karen Sahel ma ya shiga littafi.

To, mu da ba mu da littafi, me za mu kiyaye?

Da fari, sunan ya zama gajere, gaɓa biyu ko uku, kada kuma ya yi kama da na wani yaro a gidan.

Na biyu, mu guji sunan habaici. Akan sami mai sa wa kare suna irin su Ba-ruwanka ko Sa-ido domin ya soki maƙwabci. Kare bai san kome ba, amma wanda ake nufi ya sani, kowane kira kuwa sabon zagi ne.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, kada mu sa wa kare sunan mutum, balle na annabi ko na shugaba. A 2016, a Jihar Ogun, wani ɗan kasuwa ya sa wa karensa suna Buhari, ya rubuta sunan a jikinsa. Maƙwabcinsa ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama shi, magana ta kai kotu. A nan ƙasar Kano, inda yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, sunaye kamar Musa, Yusufu da Dauda namu ne duka, mu da su. Wasan yaro ɗaya ya isa ya ɓata zumuncin shekara da shekaru.

Saboda haka, iyaye, in an kawo kwikwiyo gida, ku bar yara su kawo sunaye, amma ku ne za ku yanke. Ku gwada sunan a ranku tukuna: za ku iya kiransa a gaban mai unguwa ba tare da kunya ba? In kun iya, sai ku sa masa.